Kwalin Don Ulises na Biyu

Kwana uku ruwan watan Yuli mai sanyi yana zuba a kan tuddan birnin Valparaíso, har ɗakin taron unguwa ya ɗauki warin jiƙaƙƙen kwali da ƙasar dankali. Doña Herminia na bakin tebur tana yanka kabewa, amma idonta na kan ƙofa.

Duk Asabar mutanen unguwar kan haɗa hannu su sayo kaya daga wajen manoma, a raba a kwalaye: dankali, albasa, karas, kabeji, yankin kabewa, sai lemo da tuffa. Rabin kuɗin kasuwa ne, shi ya sa da sanyi ya shigo masu nema sun fi kwalayen yawa. Gida ɗaya, kwali ɗaya. Don Ulises kaɗai, wani tsohon masunci da ke zaman kansa, yake ɗaukar biyu. Ya ce na biyun na wani ne da ba ya iya fitowa, bai kuma taɓa faɗin sunansa ba.

"Sayarwa yake yi," in ji Nélida, shugabar kwamitin rabon kayan. "Wane mutum ne ba shi da suna? Mako mai zuwa zan cire shi gaba ɗaya, in ba masu yara."

"Mutumin da gaisuwa ma ƙyashinta yake, shi zai iya ciniki?" in ji Herminia.

"To ina yake kai shi? Kin sani?"

Herminia ba ta sani ba, kuma abin ya daɗe yana mata ƙaiƙayi a rai. Da Ulises ya zo ya kwashi kwalayensa, sai ta ajiye wuƙa, ta ɗauki lema, ta bi shi daga nesa.

Ya ajiye ɗaya a gidansa, ya saɓa ɗayan a kafaɗa, ya kama matakalar da ke hawa tudun gaba. Sau huɗu yana tsayawa ya yi tari. Ita ma gwiwoyinta sun fara zaginta. Can sama, a ƙofar wani gidan kwano mai shuɗin fenti, ya sauke kwalin, ya lulluɓe shi da leda, ya buga ƙofa da ƙarfi sau uku, ya shige wani lungu da saurin da ba na shekarunsa ba.

Herminia ta matsa. An daɗe ana jan ƙafa daga ciki kafin ƙofar ta buɗe. Wani tsoho ne da sanda, idanunsa sun yi yana. Hancin kuwa, da haɓar, sak na Ulises.

"Yau na kama ku!" ya ce. "Wata biyar kuna buga min ƙofa kamar 'yan sanda, ku arce. Ke ce 'yar kwamitin? Shigo min da shi, baiwar Allah, kada ya jiƙe."

Sunansa Baldomero. Ya ɗora ruwan shayi da lalube, bakinsa bai huta ba.

"Ki gaya musu su rage kabeji. Ni ba zomo ba ne."

"Zan faɗa. Ba ka da kowa ne, Don Baldomero?"

"Akwai wani ƙane, in ana kiran jaki ƙane. Ina kwance a asibiti ya sayar da kwalekwalen mahaifinmu. Shekara goma sha tara ban ji muryarsa ba, kuma ban rame ba." Ya zuba mata shayi, rabi a kofi rabi a tebur. "A unguwarku yake. Ulises. Kina ganinsa?"

"Ina ganinsa."

"Yana tarin nan har yanzu? Tun yana ƙarami sanyi ba ya barinsa."

Herminia ta hura shayinta. Tsohon bai jira amsarta ba. Ya sunkuya kan kwalin, ya laluba, ya tsince lemon ɗaya bayan ɗaya har ya ƙare, ya zuba a leda.

"Ki kai masa. Ki ce daga kwamiti ne. Kina ambatar sunana zai watsa su a kwata, na san halinsa."

Da ta sauko, ta tarar da Ulises a raɓe ƙarƙashin rumfar wani kanti, ruwa na ɗiga daga hularsa. Ashe ya gan ta tuntuni.

"Ya ɗauka?"

"Ya ɗauka. Zan ba Nélida sunansa, kada ta cire ku."

Ya gyaɗa kai. "Bai ce komai ba?"

"Ya ce kabeji ya yi yawa." Ta miƙa masa ledar. "Wannan naka ne. Daga kwamiti."

Ulises ya leƙa ciki. Ya daɗe yana kallon lemon da shi da kansa ya hau da su ɗazu.

"Kwamitin nan," ya ce daga ƙarshe, "taurin kai ne da shi."

Ya buɗe rigar sanyinsa, ya cusa ledar a ƙirji don kada ruwa ya taɓa ta, ya fara sauka a hankali.