Minti Ashirin da Uku a Ɗakin Ajiya

Tirena biyu kacal suka rage a shagon kekunan da ke Al Quoz ranar da Idris ya je, a ƙarshen watan Maris na 2020. Korona ta sa gari na shirin rufewa, kuma duk wani mai keke a Dubai ya tuna a rana ɗaya cewa yana buƙatar abin da zai ɗora kekensa a kai ya riƙa tuƙawa a cikin ɗaki. Mai shagon, wani ɗan Filifin da takunkumi har ƙasan ido, ya tsaya daga nesa yana nuna masa su da tsinin biro.

Ta farko, tayar baya ake dannawa a jikin wani ɗan gungumen ƙarfe, tana gogarsa tana juyawa. Da mai shagon ya hau ya taka, sai Idris ya ji kamar an kunna injin markaɗe. Ta biyu kuwa cire tayar baya ake yi gaba ɗaya, a ɗora sarƙar keken a kan haƙoranta. Nauyi gare ta, ba ta da ƙara, kuma tana da wayo: in ka haɗa ta da talabijin ka zaɓi hanya, inda hanyar ta hau tudu feda ta yi tauri, inda ta gangara ta saki.

"Har tsohuwar tafiya tana maimaitawa," in ji mai shagon da Turanci. "Taka ko ta abokinka. Ka ba ta abin da agogon keke ya ɗauka na hanya da gudu, khalas, shi ke nan. Za ka ji ka a kan hanyar, mutumin yana gefenka a allo."

Idris ya zaɓi ta biyu. Ya gaya wa kansa saboda dattijon da ke ƙasan fulat ɗinsu ne, wanda ko cokali ya faɗi sai ya buga silin ɗakinsa da sandar goge-goge. Ɗan Adam gwani ne wajen samo dalilin da zai gaya wa kansa. Idris dai ya san maganar ƙarshen nan ce ta sa shi ya nuna ta biyun.

Wata bakwai rabonsa da hawa keke. Da can shi da amininsa Abdulhakeem ba su da fashi: kowace Juma'a, ana idar da Asuba, sai hanyar kekuna ta cikin sahara a bayan gari. Tare suka tashi a Kano, tare suka samu aikin kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali, tare kuma suka kamu da wannan ciwon na keke da matansu ke yi wa dariya. Suna da ƙa'ida ɗaya: karɓa-karɓa. Ɗaya ya shiga gaba ya tare iska, ɗayan ya fake a bayansa ya huta, sannan su yi musanya. Ba a barin mutum a baya.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Sallah, cikin zafin Agusta, a wani lungun hanyar da ba kowa ke bi ba, Idris ya ji ƙafafunsa sun yi sauƙi da ƙarfi kamar ba nasa ba. Ya duba agogo ya ga zai iya gama hanyar cikin lokacin da ya shekara yana nema. Daga bayansa Abdulhakeem ya yi magana. Idris ya waiga yana dariya, ya ce, "Yalla, habibi, taho mana, naman layya ne ya danne ka!" Ya ƙara giya ya wuce. Da ya dawo nemansa, a gefen hanya ya same shi kwance a kan rairayi, keken ya faɗi gefe, babu rai.

Likita ya ce zuciya ce. Idris ya ɗauki wannan kalma ya ƙara mata tasa: nan take. Faɗuwa ɗaya, shi ke nan, ko yana wurin ba abin da zai iya.

Sai da yamma waya ta shigo daga Kano. Hajiya ce, mahaifiyar Abdulhakeem. Duk wanda aka taɓa yi wa rasuwa a nesa ya san tambayoyi biyun da uwa take yi, kuma ya san ba ciwon take tambaya ba.

"Idris, kana kusa da shi?"

"Ina kusa, Hajiya."

"Ya samu kalmar?"

"Ya samu, Hajiya. Ni na laƙƙana masa."

"Alhamdulillahi. To na daina kuka."

Ta kuwa daina. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ba shi labari: ɗanta ya cika da kalmar shahada, kansa a cinyar amininsa. Maganar cinya ma ba Idris ya faɗa ba, labarin ne ya yi 'ya'ya a hanya. Tun daga nan kuma ba Juma'ar da ba ta kiransa ta sa masa albarka, shi kuma ya amsa da amin.

Najiba, matar mamacin, ta yi takabarta a nan Dubai, a ɗan fulat ɗinsu na Al Satwa. Da ta gama, ta raba tufafinsa ga leburori, ta sa keken a jirgin kaya zuwa wurin ƙaninsa. Ana jibi za ta tashi zuwa Kano ta miƙa wa Idris wata 'yar leda. A ciki akwai agogon keken Abdulhakeem da ɗamarar da yake ɗaurawa a ƙirji mai auna bugun zuciya.

"Yaya Idris, wannan kai ya dace da shi," ta ce, ba ta ɗago kai ba.

Ya yi godiya, ya kai ledar gida ya tura ta can ƙarshen durowa, ƙarƙashin tsofaffin cajoji.

Abin da ya dawo da maganar keke shi ne ciwon sukari. Likita ya duba jininsa ya girgiza kai, matarsa Mariya kuma ta ɗauki maganar da zafi. "Abban Mahfuza, titi dai ban yarda ba, ko an buɗe gari. Amma ka ga ɗakin ajiyar nan? Akwatuna ne kawai da tukunyar da ba ma girki da ita. Ka kwashe su ka yi abinka a inda zan riƙa jin numfashinka."

Kwana biyu ya yi yana gyaran ɗakin. Ya shimfiɗa tabarmar roba mai kauri saboda gumi da dattijon ƙasa. Ya shigo da keken daga baranda, ya wanke masa ƙurar wata bakwai, ya ɗiga wa sarƙa mai. Ya cire tayar baya ya jingine ta a bayan ƙofa, ya ɗora keken a kan tirena, ya matse. Ya kafa tsohuwar talabijin a kan wani ɗan tebur daidai idonsa, fanka babba a gaba, tawul a kan hannun keke, gorar ruwa biyu a inda hannu zai kai. Sau uku yana juya keken kafin Mariya ta iya buɗe ƙofa ba tare da ta buge masa gwiwar hannu ba. Da ya gama sai ya lura keken ya fuskanci alƙibla. Bai yi da niyya ba, bai kuma gyara ba.

Mako guda ya yi yana bin hanyoyin ƙarya da manhajar tirenar ke kawowa, duwatsu da koguna na ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Suna sa shi gumi, ba sa taɓa masa komai. Durowar nan kuwa, kullum in ya wuce ta sai ya kau da ido.

Ranar Juma'a da Asuba, ladanin unguwa ya kira salla, ya ƙare da cewa kowa ya yi salla a gidansa. Gari tsit, ko ƙarar mota babu. Idris ya sallame, ya daɗe zaune a kan dadduma, sannan ya tashi ya buɗe durowa.

Agogon ya ɗauki caji kamar jiya aka ajiye shi. Jerin tafiye-tafiye ya fito a allo, ta ƙarshe a sama: sha shida ga Agusta. Ya danna. Tirenar ta yi wani ɗan gurnani tana daidaita kanta, sai hanya ta bayyana, layi ɗaya baƙi a tsakiyar rairayi. Mutum biyu a kanta: shi, da wani farin mutum-mutumi a kan farin keke, ba shi da fuska. A saman kan farin mutumin akwai lambobi biyu, gudu da bugun zuciya.

Suka kama hanya. A kilomita na shida feda ta yi tauri daidai inda ɗan tudun nan yake, wanda Abdulhakeem ke kira Dala don tsokana. Tsikar jikin Idris ta tashi. Ƙafarsa ta gane hanyar kafin kansa ya gane. Farin mutumin ya shiga gaba, ya yi minti biyu, ya koma baya, daidai karɓa-karɓarsu, sai ga Idris yana matsawa yana ba shi wuri a ɗakin da ba kowa sai shi da fanka. Har ya ji kamar iskar ta ragu a fuskarsa duk lokacin da farin mutumin ya shiga gabansa. Tsoro ya kama shi, da wani daɗi mai ciwo, domin wata bakwai ke nan bai yi tafiya da abokinsa ba.

A kilomita na talatin da ɗaya lambar zuciya ta haura ɗari da tamanin, lambar gudu kuma ta fara sauka. Nan ne. Idris ya gane wurin. Ya sassauta, ya koma giya mai laushi, ya tsaya a gefen farin mutumin kafaɗa da kafaɗa. Suka ja jiki a hankali har kilomita na talatin da uku. Lambar gudu ta koma sifili.

Idris ya daina takawa. Ƙarfen tirenar ya yi ta juyawa shi kaɗai har ya tsaya. Ya zuba wa ɗayar lambar ido yana jira ta ɓace, tunda nan take ne.

Ba ta ɓace ba. Ɗari da hamsin. Ɗari da sittin da biyu. Casa'in. Ɗari da arba'in. Agogon kusurwar allo yana ta tafiya, shi kuma Idris ya san inda yake a kowane minti na waccan safiyar. A minti na biyar ya isa rumfar ƙarshen hanya. A na goma yana shan ruwa mai sanyi, yana ɗaukar hoton sabon lokacin da agogonsa ya nuna. A na sha biyar ya tura saƙo: "Ina kake, tsoho?" da fuskar dariya guda uku. Sai wajen na ashirin ya yi tsaki ya hau keke ya juya. Duk wannan lokacin zuciyar abokinsa tana bugawa a kan rairayi, rana tana hawa.

Gumi ya bushe a jikinsa, sanyi ya kama shi. Bai sauka ba. Ya kashe fanka, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa allon, ya fara faɗa a hankali kamar yadda ake faɗa wa mai jinya a kunne: "La'ilaha illallah. Abdulhakeem, La'ilaha illallah." Ya san allo ne. Ya san an binne mutumin tun bara. Ya ci gaba da faɗa har lambar ta sauka arba'in, ta yi tsalle, ta sauka, ta koma ɗan layi. Minti ashirin da uku. Mariya tana tsaye a bayan ƙofa, hannunta a kan mariƙi, ba ta buɗe ba.

Sai bayan Azahar ya iya kiran Najiba a Kano.

"Maman Aishat, akwai maganar da na ɓoye miki. Ranar nan ba na kusa da shi. Wuce shi na yi."

Yana jiyo carar zakara daga can gidansu.

"Na sani, Yaya Idris," in ji Najiba. "Agogon yana tura komai zuwa wayarsa. Ranar sadakar uku na gani. Da lambobin nan na yi takaba."

"Ba ki ce komai ba."

"Da bakinka nake so na ji. Shi ya sa na ba ka ledar." Ta ja numfashi. "Abu ɗaya ne lambobi ba su gaya min ba. Da za ka wuce shi, ya yi magana?"

Idris ya rufe ido. "Ya ce in jira shi."

Ta yi kuka, ba mai ƙara ba. Ya riƙe wayar yana sauraronta. Da ta natsu, ya ce zai kira Hajiya ita ma ya gaya mata.

"A'a. Wallahi kar ka soma," ta ce. "Da maganar nan taka take barci. Ka karɓe ta ka ba ta me? Ka bar ta da abinta. Wannan kayan naka ne, kai za ka ɗauka."

Ya koma ɗakin ajiya ya zauna a kan tabarmar roba, bayansa jingine da bango. Allon bai mutu ba, farin mutumin yana nan tsaye a gefen hanya, ba lamba a kansa. Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Ya manta Juma'a ce.

"Idris ɗan albarka," in ji Hajiya, muryarta wasai. "Ya zaman kullen? Yau ma na yi maka addu'a. Yadda ka zauna da ɗana har ya cika, Allah Ya ba ka wanda zai zauna da kai ranar taka."

Idris ya dubi allon.

"Amin, Hajiya," ya ce.