Mai Amalanken da Aka Kora Zuwa Megara

Tun ranar da amalanke mai ɗauke da duwatsu ya murƙushe ƙanensa Lakon, Telesiyas bai ƙara bin gangaren da ke bayan ƙauyensu ba. Gara ya zagaya ta cikin gonakin zaitun, ƙaya tana yagar masa ƙafa, da ya ga inda Lakon ya faɗi.

Mai amalanken maƙwabcinsu ne, Sostiratos, mutum mai fara'a da son hira. Da rana tsaka ya tsaya a saman gangaren, ya sha giyar inabi wadda ba a sirka da ruwa ba, ya kwance alfadarai don su huta, ya manta bai tare ƙafar amalanke da itace ba. Lakon kuwa yana ƙasa, ya duƙa yana ɗaura igiyar takalminsa.

Alƙalan birnin Atina suka ce kisan ba da gangan ba ne. Suka yanke wa Sostiratos barin ƙasa, kada ya dawo sai mazan gidan mamacin sun yafe masa. Ubansu ya riga ya rasu, Lakon bai bar ɗa ba. Maganar ta rage a bakin Telesiyas shi kaɗai, shi kuwa ya kulle bakin.

"Kuskure, in ji su," yakan ce wa duk wanda ya tayar da zancen. "Da kuskure giyar ta shiga cikinsa?"

Shekaru suka shuɗe a haka. In ya kai man zaitun kasuwa, yakan ji masana masu dogon gemu a ƙarƙashin rumfar dutse suna gardama: wani ya ce horo ramuwa ce, wani ya ce magani ne, don a warkar da mai laifi ake yinsa. Telesiyas ya taɓe baki ya wuce. A ganinsa ba wanda ya taɓa kwashe ƙanensa daga ƙarƙashin dutse a cikinsu.

Mahaifiyarsa Timareta ce ta tare shi wata safiya, tana murza gurasar sha'ir.

"Jiya na ga uwar Sostiratos a rijiya," ta ce. "Tulu ya fi ƙarfinta. Ni na ɗora mata."

"Inna, ke kika ɗora mata?"

"To wa zai ɗora? Nawa ɗan ba ya dawowa, na sani. Nata yana iya dawowa, kai ka tare hanya."

"Doka ce ta tare."

"Doka ta ba ka mabuɗi, kai ka zauna a kansa. Ban ce ka yafe ba. Je ka gan shi da idonka, ka dawo ka gaya mini wane irin mutum ne yanzu."

Ya tashi ya fita. Amma da aka gama matsar zaitun, ya ɗora tulunan mai biyu a kan jaki, ya ce zai gwada kasuwar Megara, garin da Sostiratos ya koma. Tsohuwar ta ƙara masa ɓaure da cuku a jaka.

Bai sha wahalar nema ba. Yana tambayar wani mai sayar da albasa, mutumin ya tuntsire da dariya.

"Ɗan Atina mai duba ƙafafu? Je ka kan tudun da ke sauka bakin teku. Yana can yana hana mutane sakat."

Can ya same shi, ya rame, gemu ya yi fari, yana aikin dako. Amma duk amalanken da ya tsaya a kan tudun, sai Sostiratos ya ajiye kayansa ya je ya cusa itace a ƙarƙashin ƙafafun, ya ja igiyoyi ya gani. Wani matuƙi ya daka masa tsawa, "Kai tsoho, uwata ce kai? Bar mini amalanke." Sostiratos ya ce, "Da ni ne uwarka da ban bar ka ka fito da wannan ruɓaɓɓiyar igiya ba." Aka yi dariya, matuƙin ya sauko yana gunaguni ya sake ɗauri.

Da Sostiratos ya ɗago ya ga Telesiyas, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ja da baya, don mai jini a hannu ba ya kusantar dangin mamaci.

"Tsaya nan," in ji Telesiyas. "Tambaya ɗaya na zo yi. Alƙalai sun ce kuskure ne. Kai me ka ce?"

A hanya ya riga ya shirya wa kowace amsa martani. Ya zaci Sostiratos zai ce ƙaddarar alloli ce, ko alfadarai ne suka firgita, ko Lakon ne ya tsaya inda bai kamata ba.

Sostiratos ya dubi ƙasa. "Ban nufi Lakon da mugunta ba, wannan gaskiya ne. Amma ba wanda ya ɗura mini giyar. Na san inda na tsaya, na san abin da na ɗauko, na sha. Daga nan duk abin da ya biyo baya nawa ne."

 Maganar da Telesiyas ya yi shekaru yana faɗa wa mutane ce aka mayar masa, daga bakin da bai taɓa zato ba.

"Wannan cushe-cushen itacen fa? Don labari ya kai mana ne?"

"Wa zai kai? Da farko tsoro ne ke kama ni in na ga amalanke a tudu. Ina yi ina yi har ya zama halina. Ba ya dawo da kowa, na sani." Sannan ya ce, "Innata tana da rai?"

"Tana nan. Tulu ya fi ƙarfinta."

Sostiratos ya juya baya, kafaɗunsa suna motsi. Telesiyas ya tsaya yana kallonsa, yana laluben fushin nan da ya saba ji a ƙirjinsa. Yana nan, amma ya yi sauƙi, kamar kayan da aka rage.

Ya sayar da mansa da araha ya koma gida. Bai yanke komai a ranar ba. Sai da ya je kabarin Lakon ya zuba madara da zuma, ya daɗe a zaune, sannan ya tafi gaban hukuma ya furta yafiyar da bakinsa, shaidu suna ji.

Sostiratos ya dawo ta hanyar da doka ta tsara. Aka yanka ɗan alade aka zuba jinin a hannuwansa, aka wanke da ruwa mai gudu, ya yi hadaya, sannan aka bar shi ya taka kasuwa da wurin bauta. Uwarsa ta riƙe masa riga kamar ƙaramin yaro har ƙofar gida.

Ba su zama abokai ba. In sun haɗu sukan gaisa a taƙaice, kowa ya kama gabansa. Amma da kakar zaitun ta zagayo, Telesiyas ya rasa mai kai masa tuluna birni. Ya tsaya a bakin shingen maƙwabcin nasa yana sosa ƙeya.

"An ce ka sayi alfadari."

"Gurgu ne, amma yana tafiya."

"To, gobe da safe. Kuma ka yi a hankali da tulunan, sun girme ka."

Timareta, da ke zaune a inuwa tana tsince wake, ta ce a ɗora mata kujera a baya, ta daɗe ba ta ga birni ba.