Waƙa ta Tagar Mama Odessa

Ba don cancanta aka zaɓe ni shugaba ba, kada wani ya ruɗe ku. A watan Maris ɗin da korona ta shigo jihar Georgia ta Amurka, jami'armu ta ce kowa ya tattara nasa ya nasa ya tafi gida. 'Yan ajin ƙarshe suka ja akwatunansu suna kuka, suka watse. Da aka yi taron bidiyo don zaɓen wadda za ta riƙe ƙungiyarmu ta 'yan'uwa mata, kowa ta kashe kyamararta, ni kaɗai na manta. Haka ni Keturah Bell, mai shekara ashirin, mai bakin da ba ya hutawa, na wayi gari da kaya a ka.

Matsalar kuwa waƙa ce. Muna da waƙar da sai da ita ake shigar da sababbin 'yan'uwa. Kowa ta iya amshi, amma baitocin shugaba kaɗai ke riƙe su. Ba a rubuta su, ba a naɗarsu, ba a faɗarsu ta waya. Mai sauka ce ke zama da mai hawa, ta sa mata su baki da kunne. Danika da na gada tana can Seattle tana jinyar mahaifinta, ba ta da halin motsawa. Mu kuma ragowar ba mu cika tebur biyu ba. In shekarar ta wuce ba mu shigar da kowa ba, ƙungiyar da ta girmi uwata za ta mutu a hannuna.

Misis Whitfield ce ma'aikaciyar jami'a mai kula da duk ƙungiyoyin nan, na maza da na mata. Ita kanta ba ta taɓa shiga ko ɗaya ba. Tun da aka rufe makaranta take kiran shugabanni ɗaya bayan ɗaya kowane mako, ta ji lafiyarsu. Da ta kira ni, na sauke mata fushina gaba ɗaya.

"Ki ba ni izini kawai Danika ta rera mini ta waya," na ce. "Wa zai sani?"

"Ranki ya daɗe, Shugaba," ta ce, ina jin tana tauna wani abu, "ni izinin ɗakin taro nake bayarwa da na sayen lemo. Waƙarku ba ta cikin aikina."

"To mene ne amfaninki?"

"Ina da mota. Tsofaffin shugabanninku duk sun ƙaura ne?"

Sai na tuna. Akwai guda ɗaya a garin, Mama Odessa Pruitt, wadda ta riƙe ƙungiyar tun zamanin da ba a barin irinmu baƙaƙen fata su zauna a gaban bas. Tana gidan kula da tsofaffi, kuma an hana kowa shiga.

Ranar Asabar da hantsi Misis Whitfield ta zo ta ɗauke ni, ita a gaba da takunkuminta, ni a kujerar baya kamar matar gwamna. Ashe ta shafe makon tana roƙon hukumar gidan, har suka yarda a buɗe tagar ɗakin Mama Odessa, da sharaɗin in tsaya can wajen bishiyar da ke tsakiyar fili. Da muka isa ta ajiye motar a rana, ta ɗaga gilasai.

"Je ki," ta ce. "Ni ba 'yarku ba ce, bai halatta in ji ba."

Ta ƙure rediyo. Tashar ma ta masu tallar taraktoci ce.

Wata ma'aikaciyar jinya ta turo keken Mama Odessa bakin taga. Ta rame, amma ta sa jan baki, ta maƙala alamar ƙungiya a wuyan rigar barcinta. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Ke ce shugabar? Lallai an ga ƙarshen duniya. Matso."

"An hana ni, Mama."

"To yaya za a yi? Wannan waƙar raɗa ake yi da ita, yarinya. Daga nan sai dai in buɗe murya, kowa ya ji."

Gaskiya ta faɗa. Ma'aikaciyar na tsaye a bayanta. Tagar da ke kusa ma a buɗe take, wani tsoho mai suna Mista Cleavon ya jingina haɓarsa a kai, yana jiran kallo kyauta. Na waiwaya wajen motar. Misis Whitfield ta juya mini ƙeya, tana fifita da kwali. Raina ya ɓaci da ita, don na so wani ya yanke mini hukunci.

"Mama, ke me kika gani?"

"Ni na sauka tun kafin a haifi uwarki. Ke ake tambaya."

Na tuna an ce baki da kunne, ba a ce sai da raɗa ba. Waya dai ba za ta shiga tsakaninmu ba.

"Rera, Mama. Wanda ya ji, ya ji."

Ta yi murmushi, ta gyara zama, ta ja numfashi. Muryarta na rawa, tana tsinkewa, amma ta iso gindin bishiyar. Na maimaita. Ta daka mini tsawa.

"Waƙa na ce, ba kiran kaji ba. Sake."

"Ni ma na ji ta kauce," in ji Mista Cleavon.

"Kai kuma rufe mana baki, tsohon banza, wa ya sa da kai?"

Haka muka yi ta yi duk Asabar har zafin bazara ya fara sauka. Numfashinta ba ya kai ta nisa, don haka kaɗan-kaɗan muke tafiya. Misis Whitfield ba ta taɓa fashi ba. Takan zo da shayi mai ƙanƙara da burodin masara, ta miƙo mini ta baya, sannan ta rufe kanta cikin motar nan mai zafi kamar tanda. In na dawo na tarar rigarta ta jiƙe sharkaf, ba ta tambayata waƙa. Sai dai ta ce, "Kin kira 'yan'uwanki wannan makon? Waccan da ta daina zuwa taro fa, kin ji dalili?" Ta wannan hanya na gano ɗaya ta rasa kakarta, wata kuma ba ta da intanet a gida. Na koyi yin shiru in saurara, abin da mahaifiyata ta gaza koya mini.

Ranar da na ɗauka mun gama, Mama Odessa ta ɗaga hannu.

"Saura ɗaya. Wannan ba na shigar da sababbi ba ne. Na rakiya ne, shugaba ke yin sa a bakin kabarin 'yar'uwa."

Na gane abin da take nufi. Na ce ba na so, na juya na tafi mota, na buga ƙofa da ƙarfi. Misis Whitfield ta kashe rediyo, na gaya mata ina kuka ina faɗa.

"Kanta take shirya wa. Ni ba zan koya ba."

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta dube ni ta madubi.

"To wa zai yi mata? Ni? Ni ko a coci roƙona ake in riƙa motsa baki kawai."

Dariya ta kuɓuce mini cikin hawaye. Na share fuska, na koma gindin bishiyar. Mama Odessa na nan ba ta motsa ba.

"Kin gama shagwaɓar? To buɗe kunne."

Da kaka muka shigar da sababbi a filin ƙwallo, kowa nesa da kowa, kuma ban kauce ko sau ɗaya ba. Mama Odessa ta rasu cikin sanyin Janairu. Ba korona ba ce, zuciyarta ce ta gaji. Dangi kaɗan aka yarda su shiga maƙabarta. Misis Whitfield ta nemi 'yar marigayiyar, ta nemi masu kula da wurin, har aka ce mu tsaya a bayan shinge ta gefen titi. Ita ta yi ta jigilar waɗanda ba su da mota.

Muka jeru da fararen riguna a ƙarƙashin kwat, tsofaffin 'yan'uwa da sababbi. Aka sauke akwatin. Lokacin baitina ya yi, na buɗe baki, sai na jiyo mai tallar tarakta yana ihu daga bayana. Tana cikin motarta, gilasai a rufe, ta juya mana ƙeya.

Na fita daga layi na ƙwanƙwasa gilashin. Ta sauke shi kaɗan.

"Lafiya?"

"Kashe rediyon nan ki fito."

"Keturah, ni ba 'yarku ba ce."

"Mista Cleavon ma ya haddace ta, har gyara yake yi mini. Ke da kika dafu a motar nan saboda ita ce ba za ki ji ba?"

"Dokarku fa?"

"Ni ce shugaba. Ke kika ce waƙarmu ba ta cikin aikinki."

Ta kalle ni. Sannan ta kashe rediyon, ta fito, ta tsaya a ƙarshen layi tana gyara takunkumi. Na koma wurina na ɗaga murya yadda za ta tsallake shingen, kamar yadda aka koya mini. Da 'yan'uwa suka karɓi amshi na saci kallonta. Takunkumin ya jiƙe, kuma a ƙarƙashinsa bakinta na motsi.