Cokali Ɗaya a Kowace Ƙofa

Ni na fara hango abin. Kafin matarsa, kafin likitocin birni, kafin shi kansa Vukashin, ni Radisav na san inda zancen zai ƙare. Ban taɓa zama a aji ba, sunana ma da ƙyar nake zana shi. Amma na ga yaƙi, na ga shekarar da muka dafa ganyen daji muka kira shi abinci, na binne mata biyu da duk sa'annina, ga ni nan har yau ina hawa dutse da ƙafata. Irina ba ya jiran a karanta masa takarda.

Vukashin ɗan ƙanwata ne. Shi ke jan bas ɗin garinmu, har ƙiba ta kai cikinsa ba ya shiga bayan sitiyari. Ciwon sukari ya kama shi, babban yatsansa na ƙafar hagu ya fara duhu. Aka kai shi birni, aka yanke masa mafi yawan tumbinsa, aka bar masa ɗan abin da bai fi kofin kofi ba. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in nauyin ya dawo sukarin zai dawo, in sukarin ya dawo ƙafar za ta tafi. Ya ci kaɗan, ya yi tafiya a ƙasa kullum, har ranar da zai mutu.

Da fari abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Mutum ya narke. Matarsa Dobrila ta fitar da wando biyu daga tsohon wandonsa. Yatsan ya washe. Sai ga shi a gidana, fatar wuyansa na reto, yana murna kamar ango.

"Kawu, na tsara. Daga gidana wajen injin niƙa har maƙabarta, in juyo. Kullum."

"Ta cikin gari?"

"Akwai wata hanya ne ban sani ba?"

Babu. Garinmu titi ɗaya ne, kogi a dama, dutse a hagu, gidaje jere. Na dubi ƙafar na ce, "To ka fara yi mata ban kwana."

Ya yi dariya. "Kai dai Kawu, bakinka bai taɓa faɗin alheri ba."

Ga abin da na gani. Samarinmu duk sun tafi Jamus. Wa ya rage? Tsofaffin mata, kowace ita kaɗai bayan labulen taga. Lokacin da Vukashin ke jan bas, hon kawai yake yi musu ya wuce. Yanzu ga shi a ƙasa, yana tafe a hankali, ba kaya a hannu, ba inda yake sauri. A nan kuwa ba a wuce ƙofar mutum a ƙasa ba a kira ka ba. In an kira ka, faranti zai fito: slatko, wato 'ya'yan itace dafaffu da sukari, a ƙaramin kwano, cokali, da ruwan sanyi. Tun kafin a haife ni haka ake.

"Vukashin! Ɗan nan, za ka wuce ni kamar baƙo? Zo ka ɗanɗana na ɓaure, bana na dafa."

"Goggo, likita ya hana."

"Gasasshen rago na ce ka ci? Cokali ɗaya ne fa! Dube ka, kamar an rataye riga a sanda."

Wannan ɗan tumbin nasa, in ya sa masa nama sai ya dawo da shi, burodi ma sai ya tsaya masa a ƙirji. Amma slatko, 'ya'yan itacen da suka kwana cikin sukari har suka yi danƙo, sulalewa yake kamar ruwa. Na ɓaure a ƙofar farko, na inabi a ta biyu, na ɓawon kankana wajen Inna Leposava. Zuwa da dawowa. Yana komawa gida da gumi, yana cewa ya yi tafiyarsa.

Ya gwada ƙi, a ba shi haƙƙinsa. Ya ƙi na Goggo Stamena, wadda ta yi jinyar uwarsa. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta juye kwanon gaban kajinta, yana kallo, ta ce, "A hannuna uwarka ta cika. Je ka, mutumin birni." Ranar Lahadi a coci, babu macen da ta amsa gaisuwar Dobrila. Ta dawo gida idonta jawur.

"Je ka sha cokalinta, don Allah, ka raba ni da wannan abin kunya. Ni zan zauna da su, ba likitanka ba."

Ya je. Don a huce, ya sha biyu. Kafin yamma labari ya zaga gari, washegari Leposava ta tare shi a ƙofa, hannu a ƙugu. "Na ji an sha biyu a can. Nawa ne ya yi tsami?" Daga ranar, biyu ya zama ƙa'ida.

'Yarsa ta aiko masa da keke daga Jamus, irin wanda ake tukawa a tsaye wuri guda. Ya kafa shi a baranda. Mazan da ke zaman ƙofar kanti suka samu abin yi.

"Direba! Ka kai birnin Nish? Gaishe mana da su!"

"A hankali a kwana, kar ka kaɗe kaji!"

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kai jama'a birni, a mayar da shi abin dariya a kan keken da ba ya motsi. Bai yi nisa ba ya sauka. Yanzu Dobrila ke shanya jan tattasai a kansa, kuma yana bushewa da kyau.

Ni na ba shi shawarar da ta fi ta kowa. Na ce ya bi ni hanyar awaki, kan dutse, inda babu ƙofa ko ɗaya. Ya biyo ni. Ko rabi ba mu kai ba gwiwoyinsa suka ƙi, nauyin da suka ɗauka shekara da shekaru ya riga ya cinye su. Ya zauna kan wani dutse yana haki, ni tsoho ina tsaye a samansa ko gumi ban yi ba.

"Kawu, ba kowa ne kai ba."

"Wannan kam gaskiya ka faɗa."

Sai na ga yana share ido da hannun riga. "In na zauna a gida, ƙafar ta tafi. In na fita, ta tafi. To ina zan sa kaina?"

Na miƙa masa hannu na tashe shi. Muka sauko, na zuba masa barasarmu da muke kira rakiya a gidana, don ni ba ni da macen da za ta dafa slatko, kuma rakiya magani ce.

Na ga ramin bel ɗinsa yana komawa baya ɗaya bayan ɗaya. Na ga Dobrila ta ciro tsofaffin rigunansa daga akwati. Da ya koma birni likita ya tambaye shi ko yana tafiya, ya rantse yana yi kullum, kuma bai yi ƙarya ba. Da kaka ta zagayo yatsan ya sake duhu, duhun ya hau. Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Yanzu yana zaune a kujera a ƙofar gidansa, bargo a cinya. Marar lafiya kuwa dole a duba shi, kuma ba a zuwa hannu sake. Su matan ke takowa yanzu, kowace da kwanonta rufe da tsumma. Goggo Stamena na zuwa tun daga can ƙarshen titi da sandarta, har ta ce tafiyar ta gyara mata baya. Ta zauna kusa da shi, ta shafa kansa tana hawaye, ta ba shi a baki da hannunta. Yana buɗe bakin. Ya daina cewa likita ya hana.

Likita ya ce a kula da ƙafar dama. Na ɗaga bargon na dube ta jiya. Na ga abin da na gani a babban yatsan, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Wanda ya ce ƙari nake yi, ya zo. Ya sauka daga bas wajen injin niƙa, ya taka da ƙafarsa har maƙabarta, a hankali, da rana tsaka. In ya isa ba cokali ko ɗaya a bakinsa, kuma akwai sauran wanda ke amsa gaisuwarsa a garin nan, ya ƙwanƙwasa ƙofata. Ni Radisav zan aske gashin bakin nan nawa da hannuna, a gabansa.