Kwamared, Sau Ɗaya

A hawa na biyu na tsaya na gyara goyo. Pan Havlas ba shi da nauyi. Buhun kwal ɗin da nake hawa da shi kullum ya fi shi.

"Har ka gaji, Vilda?" ya ce a kunnena. "Samarin yanzu. Ba komai a cinyarku sai miyar kabeji."

"Ku dai ku riƙe ni da kyau."

Matarsa, Pani Draha, tana biye da mu da bargo tana mita. "Likita ya ce kada iska ta taɓa ka."

"Likita ya ce ba zan ga bikin Ista ba. Wanne zan ɗauka a ciki?"

Na zaunar da shi a cikin amalanken kwal, ta lulluɓe masa ƙafafu, ta koma sama ba ta waiwayo ba.

Maƙwabcinmu ne, ƙofa na kallon ƙofa. A da shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu, har ya tsare wa ƙasa raga. Sai wani ya kai rahoto cewa an ji shi yana zancen guduwa waje. Aka tura shi mahaƙar yuraniyom da ke bakin iyaka. Ya dawo ba haƙora, jininsa ya lalace, an kuma haramta masa taka filin wasa har abada. Ni kuwa na gama sakandare aka tuna mahaifina ya taɓa mallakar shago. A wurin gwamnati wannan laifi ne, don haka babu jami'a. Sai dakon kwal.

Abu ɗaya ya roƙe ni: in kai shi ya ga ƙanƙarar filin, sau ɗaya, daga bakin raga.

Muka bi ta bayan masana'antar giya muka isa ƙofar baya. Ruda ne mai gadi, wani ƙato mai sanƙo da ya yi shekaru yana buga wasan baya a gaban ragarsa. Da ya gane wanda ke cikin amalanken sai taba ta faɗi daga bakinsa.

"Ota!" ya kira shi da sunansa na yanka. "Kai, wa ya tono ka?"

"Har yau kana tsaye inda ba ka da amfani," in ji Pan Havlas. "Matsa, kana kare mini gani kamar kullum."

Ruda ya yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Ya waiga baya.

"Da ni kaɗai ne da tuni kana ciki. Manaja na nan, Stibor. Ba mugu ba ne, son girma ne da shi. Ka gaishe shi yadda ake gaisuwa yanzu. Girma ga aiki, kwamared. Shi ke nan fa, Ota. Iska ce kawai."

Duk benenmu an san kalmar kwamared ba ta taɓa fita daga bakin Pan Havlas ba. Mai kawo wasiƙa Pan ne, ɗan sanda Pan ne, shugaban unguwa ma Pan ne, wato malam, kamar yadda ake kiran mutane kafin Jam'iyyar gurguzu ta hau. Har a kotu an karanta masa wannan cikin laifuffukansa.

Ƙofar a ɗan buɗe take. Sanyin ciki daban yake da na titi, yana da wari. Ana jin ƙarar takalman ƙarfe suna yankar ƙanƙara, da bugun sanduna a jikin katako. Pan Havlas ya ɗaga hanci kamar tsohon kare.

"Kira shi," ya ce.

Stibor ya fito da kofin kofi a hannu, da ɗan jan tambari a ƙirjin kwat. Bai kai arba'in ba. Ya dube ni, ya dubi amalanken.

"Ba mu yi odar kwal ba."

Pan Havlas ya dafa hannuna ya miƙe. Ya cire hula.

"Girma ga aiki," ya ce. "Kwamared manaja."

Ruda ya sunkuyar da kai. Stibor ya kurɓi kofinsa.

"Havlas ne, ko? Na gane ka." Muryarsa a sanyaye, ba faɗa a ciki. "A can ba su koya maka ba? Wanda aka ɗaure ba ya ce wa mutum kwamared. Ba taka ba ce. Pan manaja za ka ce."

"Pan manaja," in ji Pan Havlas.

"Yauwa. To, ba a shiga. Ba ni na kafa dokar ba." Ya juya wajen Ruda. "Rufe ƙofar nan, ƙanƙara na narkewa."

Ruda ya rufe. A hankali ya rufe, amma ya rufe.

Muka kama hanyar komawa. Sai da muka zo kan gada ya ce, "Ka ji na faɗa?"

"Ban ji komai ba, Pan."

"Maƙaryaci. Na faɗa, da kyau ma na faɗa." Ya yi tari mai tsawo, ya duba hankicinsa, ya ninke. "Ashe ba wuya. Shekara da shekaru ina tsare raga, ashe babu mai bugowa."

Pani Draha na jiranmu a bakin ƙofa da ruwan zafi. Ta karɓi hularsa.

"To, ka gani? Hankalinka ya kwanta?"

"Na gani," ya ce. "Fara fat, kamar da."

Ta dube ni. Na dubi takalmina, na ce ana jirana a wurin aiki.

Bai sake tashi daga gado ba. Ranar Alhamis da safe ina ɗaure igiyar takalmi na ji Pani Draha ta ƙwanƙwasa mana. Ba ta yi kuka ba. Ta ce tagar ɗakin ta ƙi buɗuwa, ƙanƙara ta riƙe ta, kuma a al'adarmu ba a barin mamaci a rufe. Na shiga na dake ta da kafaɗa har ta buɗe.

A tsallaken titi, wajen tashar taragun lantarki na cikin gari, Ruda na tsaye da hularsa a hannu, yana kallon tagar. Dusar ƙanƙara na sauka a kan sanƙonsa tana narkewa. Bai tsallako ba. Da taragon ya iso ya mayar da hular, ya hau.