Ƙamus Mai Jan Bango

Aji uku kawai na yi a makarantar ƙauyenmu, a tsibirin Madeira, inda Fotugis ne harshenmu. Turanci a Ingila na koye shi, a kamfanin yanka kaji, da ɗan ƙamus na Fotugis da Turanci mai jan bango. Shekara talatin da huɗu yana aljihuna. Duk kalmar da ta ba ni wahala sai in nemo ta, in rubuta a gefen shafi da fensir sunan wanda ya faɗa mini ita da abin da yake nufi.

Jikata Benedita ta zo wurina tana da shekara sha huɗu, ko gaisuwa ba ta iya ba da Turanci. Ni ba malami ba ne. Na miƙa mata ƙamus ɗin, na ce kada ta jiƙa shi. Cikin shekara biyu hannunta ya san shi fiye da nawa.

Wata Juma'a malamarta, Malama Ollerton, ta kira mu makaranta. Ranar Litinin Benedita za ta rubuta jarrabawar kimiyya, wadda in ba ta ci ba babu karatun jinya da ta ƙwallafa wa rai. Malamar ta ce yaran da ba su daɗe a ƙasar ba ana barinsu su shiga da ƙamus, a ƙara musu ɗan lokaci.

Na ce, "Jikata ba gurguwa ba ce da za a riƙe mata hannu."

Benedita ta take mini ƙafa. "Kaka, don Allah rufa mini asiri."

Malamar ta ce, "Mista Gouveia, kimiyyarta muke son aunawa, ba Turancinta ba."

Wannan magana ce. Na sa hannu.

Sai ta karɓi ƙamus ɗin ta buɗe, fuskarta ta canja. Ta ce doka ba ta yarda da ƙamus mai rubutun hannu a ciki ba, ko kalma ɗaya ce. Ta ɗauko mana na makaranta, sabo fil, mai kauri kamar bulo.

A gida na riƙe agogo na gwada yarinyar. Kalma goma a nawa, minti biyu. A na makaranta, minti shida, har da gumi. Ta ture shi gefe.

"Ba komai, Kaka, zan saba."

"A kwana biyu? Ƙarya kike."

"To ya zan yi, tsoho mai rigima?"

Da safiyar Asabar na je kanti na sayo robar goge fensir guda uku. Na zauna a teburin kicin da kofina, na fara daga shafin farko.

Ta fito ta gan ni, ta yi tsalle ta riƙe mini hannu. "Kaka! Ka haukace? Rubutunka ne fa!"

"Nawa ne, shi ya sa nake gogewa. Je ki yi karatu."

Ba ta tafi ba. Ta jawo kujera, ta ce sai ta karanta kowanne da ƙarfi kafin in goge. Ta karanta zagin da shugaban aikinmu yake yi mana, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe shi ya sa aka kore ta daga aji ranar da ta taɓa faɗar sa. Ta karanta sunayen sassan kaza. Ta karanta abin da mai gidan haya ya kira ni a shekarata ta farko, ba ta yi dariya ba. Muka kai kalmar da likita ya faɗa a kan ciwon marigayiya matata Deolinda. Ita ma na goge ta.

Shafi ɗaya ya gagara. A farin shafin ƙarshe Deolinda ta taɓa rubuta mini adireshin gidanmu da biro, wai kada in ɓace a garin mutane. Na ɗauko wuƙar aikina na yanke shafin daidai ɗinki, na ba Benedita ta ajiye.

Sai yammacin Lahadi muka gama. Yatsuna sun ƙage, tebur ya cika da ɓarɓashin roba.

Ranar Litinin na raka ta har ƙofar zauren jarrabawa, da hulata ta coci. Malama Ollerton ta karɓi ƙamus ɗin, ta tsaya jikin taga tana buɗe shi shafi bayan shafi. Ta daɗe. Ta ɗago ta dube ni, ta sake duban littafin.

"Duka, Mista Gouveia?"

"Akwai saura?"

"Babu."

Ta miƙa wa Benedita. Yarinyar ta sumbace ni a kumatu a gaban jama'a, abin da ta san na hana.

Na ce, "Wuce ciki, lokaci na tafiya."