Rijiyar da Kyari bai shiga ba

A shekarar farin nan ta tamanin da huɗu, maƙwabcinmu a Zango, Kyari mai haƙar rijiya, ya kwanta zazzaɓi har hanjinsa ya huje. Aka yi masa aiki a asibiti, aka fito da bakin hanjin ta gefen cibiya, bayan gida yana zuba a 'yar jakar roba. Lokotoro, wato likitan, ya ce wata uku kada ya ɗaga ko tulu.

Sati shida kacal da sallamarsa sai ga Sule, wani dattijo daga ƙauyen gefen Gaffati, leɓɓansa duk sun tsage.

"Malam Kyari, rijiyarmu ta ƙafe. Samarinmu sun haƙa gaba biyu sun iske dutse. Gida bakwai sun riga sun tashi. In ba kai ba, mu ma tashi za mu yi."

Kellu, matar Kyari, ta amsa daga bakin murhu. "Baba, mutumin da ni nake ɗaura masa zariyar wando? A ina za ku ɗaura masa igiya, a wuya?"

"A hammata, uwar tsoro," in ji Kyari. "Ciki aka yanka, ba hannu ba."

Kwana biyu suna ja. Ita tana lissafa masa satin da ya rage, shi yana cewa ƙishirwa ba za ta jira lokotoro ba. Ni kaina na sa baki, Allah ya yafe mini, bayansa na bi. Da Kellu ta ga ba zai tankwasu ba, ta ɗinka masa ɗamara mai faɗi ta rufe wurin, ta hau amalanke ta bi shi.

To, ku sani, mai haƙa ba ya shiga rijiya da riga, zafin ƙasa ba zai bar shi ba. Kyari ya tuɓe a gaban jama'a kamar yadda ya saba shekara ashirin. Ɗamarar ta zame. Jakar robar ta bayyana a idon kowa.

Sule ya sunkuyar da kai. "Malam, ruwan nan shi za mu sha, da shi za mu yi alwala. In ta fashe a ciki fa?"

Kyari ya daɗe yana kallon cikinsa. Duk tunaninsa na kwana biyu a kan ƙarfinsa ya tsaya, wannan bai taɓa zo masa ba.

"Gaskiyarka," ya ce, ya mayar da rigarsa.

A bakin rijiyar ya zauna. Samari suna turo ƙasa a guga, yana murza ta, yana shinshinawa, yana leƙawa da ihu: "Ku bar dutsen, ku karkata gabas! Kai mai dogon wuya, haƙa aka ce, ba susa ba!"

Rana ta biyar laka ta fito, ta shida ruwa. Mata suka yi guɗa. Sule da kansa ya ɗebo na farko a sabuwar ƙwarya ya miƙa masa. Kyari ya sha, ya yi hamdala, ya miƙa ƙwaryar ga na kusa da shi, don a zagaya da ita yadda ake yi.

Babu hannun da ya miƙo.

"Ka riƙe ta, Malam," in ji Sule a hankali. "Taka ce."

Kellu ce ta karɓa, ta shanye sauran tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. A hanyar dawowa, da suka hango Zango, Kyari ya juyo gare ta.

"Kellu, da na jira wata ukun, da sun bar ni na shiga?"

Ba ta iya yi masa ƙarya ba.